Zagin da Ya Riga Ubangidansa Isa: Biniam Girmay da Koriyar Rigar 2024

Ranar Litinin, 1 ga Yulin 2024, mahayan gasar tseren keke ta Tour de France suka tashi daga Piacenza suka nufi Turin, a arewacin Italiya, don a ƙasar aka buɗe gasar ta wannan shekara. Kilomita 230 ne da ɗoriya, zango mafi tsawo a gasar gaba ɗaya, hanya kuwa shimfiɗe kamar tabarma. Irin wannan rana kowa ya san yadda take ƙarewa. A wuni ana jan jiki, fiye da awa 5 a kan sirdi, sannan a raba gardama cikin 'yan daƙiƙun ƙarshe.

Ƙungiyar Intermarché-Wanty ta Beljiyam ta fito da shirinta tun da safe, kuma a cikin shirin ba Biniam Girmay, mahayinta ɗan Eritiriya, ne zai ci ba. Gerben Thijssen aka ajiye wa ranar. Aikin Biniam shi ne ya tare masa iska, ya ratsa da shi cikin cunkoso, ya ajiye shi kusa da layi, ya kauce. Saura kilomita 2 da 'yan kai aka yi karo a tsakiyar ayari, kekuna suka hau kan juna, har Jasper Philipsen, wanda kowa ya sa wa ido, ya sha ƙasa. A cikin hargitsin Biniam da Thijssen suka rabu, ɗan Eritiriyan ya tsinci kansa a gaba ba wanda zai ja. Sai ya bi ta hannun dama, tsakanin Mads Pedersen da shingen ƙarfen da ya tare 'yan kallo, wurin da kafaɗa ke wucewa da ƙyar, ya miƙe a kan feda. Fernando Gaviria ya zo na biyu, Arnaud De Lie na uku.

Tun 1903 ake wannan gasa, amma sai ranar baƙar fata ɗan Afirka ya ci zango a cikinta. Robert Hunter a 2007 da Daryl Impey a 2019 sun ci, dukkansu fararen fata ne 'yan Afirka ta Kudu. Biniam ya fashe da kuka gaban masu ɗaukar hoto. Bayan kwana 20 ya tsaya a kan dandamali a birnin Nice sanye da koriyar riga, lambar wanda ya fi kowa tara maki.

Abin da ya ja hankalina ba hawayen ba ne. Mutumin nan, shekara 2 kafin ranar Turin, ya riga ya ci ɗaya daga cikin manyan tseren Beljiyam, ya kuma ci zango a Giro d'Italia, babbar gasar keke ta Italiya. To me ya sa ya zo Tour a matsayin mai yi wa wani hidima? Da kuma dama ta faɗo masa, me ya sa ta zauna a hannunsa har mako 3?

Sukuwa da zagage

Wanda ya san keke a matsayin abin zuwa gona ko kai awo inji zai ɗauka tseren keke ƙarfin cinya ne kawai. Ba haka ba ne. Babban abokin gabar mahayi iska ce. Wanda ya lafe a bayan wani yana rage kusan kashi 1 cikin 3 na wahalar da na gaba yake sha, shi ya sa ake tafiya a dunƙule, mutum 176 a ayari ɗaya, ƙungiya 22, kowacce da mahaya 8. A ranar hanya mai laushi kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da take tattali, wanda zai yi sukuwar ƙarshe. Sauran zagagensa ne. Su za su koma baya su ɗebo masa ruwa daga motar ƙungiya, su ba shi tayarsu idan ya yi faci, su jera a gabansa idan gari ya matso. Kowane zagi ya ja iya ƙarfinsa ya kauce, na bayansa ya karɓa, har a zo kan na ƙarshe, wanda zai saki ubangidan saura mita 200 ko ƙasa da haka, ana gudun kilomita 65 zuwa 70 a awa, gwiwar hannu na gogar gwiwar hannu.

Ɗan sukuwa yana buƙatar ƙafa, yana buƙatar zagage, yana kuma buƙatar abin da ba a koyonsa a motsa jiki: sanin bayan wa zai lafe, wace kwana ce ke matse hanya, yaushe rata za ta buɗe. Wannan sanin, yaran Beljiyam da Holand tun suna ƙanana suke shan sa, a kan siraran hanyoyin ƙauye, cikin ruwan sama da iskar da ke bugowa ta gefe. A nan ne akasarin mahayan Afirka suke makalewa idan sun isa Turai a makare.

Asmara

An haifi Biniam Girmay Hailu ranar 2 ga Afrilun 2000 a Asmara, birnin da ke kan tsauni, mita 2,300 da ɗoriya sama da teku. Daga nan hanya ke gangarawa tana naɗewa kamar maciji zuwa Massawa a bakin Bahar Maliya, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai. Wanda ya gangara ya hawo ta a keke ya yi karatun da babu makarantar da za ta ba shi. Iskar can sama ba ta da kauri, jinin wanda ya tashi a cikinta ya saba aiki da ɗan abin da ya samu. Ƙungiyoyin Turai kuɗi suke kashewa su kai mahayansu kan duwatsu na 'yan makonni don su sami abin da yaron Asmara ya tashi a ciki.

Italiyawa ne suka kawo keken, lokacin da suka mallaki ƙasar daga 1890 zuwa 1941. Har yau da Tigrinya sunansa bishkileta, aron bakin Italiya. A 1946 Italiyawan da suka rage a ƙasar suka shirya gasar zagaye Eritiriya ta farko, ba su bar 'yan ƙasa sun shiga ba. Amma abin ya riga ya shiga jini. Ya tsallake zamanin da Habasha ta haɗiye ƙasar, ya tsallake yaƙin neman 'yanci na shekara 30, kuma a 2001 aka farfaɗo da gasar. A Asmara ana rufe tituna a ƙarshen mako don tsere, mutane su yi dafifi a gefen hanya yadda ake cika filin ƙwallo a wasu ƙasashe.

Mahaifin Biniam kafinta ne, mai son kallon Tour a talabijin duk watan Yuli tare da 'ya'yansa. Ɗan'uwansa Meron Teshome ya taɓa zama zakaran Afirka. Shi kansa da ƙwallon ƙafa ya fara kafin keke ya janye shi. Yana ɗan shekara 15, a 2015, ya ga Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus, 'yan ƙasarsu, a cikin ayarin Tour ƙarƙashin ƙungiyar MTN-Qhubeka, har Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse mai ɗigo-ɗigon ja na 'yan kwanaki. Saboda haka kada a ce Biniam daga sama ya faɗo. Wasu ne suka tsaga hanyar.

Sai dai waɗannan magabata sun bar wata fahimta a kan Turawa: ɗan gabashin Afirka siriri ne, mai hawan dutse ne, a ba shi aikin ja a kan tudu. Biniam bai shiga wannan ma'auni ba. Dogo ne, ba shi da nauyin manyan 'yan sukuwa, amma yana da fizga, kuma fizgar ba ta mutuwa bayan doguwar wahala ko a kan hanyar da ta ɗan ɗaga. Gwarzonsa tun yana yaro Peter Sagan ne, wanda ya ci koriyar riga sau 7.

Ƙofa ɗaya, ita ma a matse

A 2018 ya kwashe zinare 3 a gasar matasan Afirka a Kigali, aka ɗauke shi zuwa cibiyar horarwa ta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a garin Aigle na ƙasar Suwizalan. Ta wannan cibiya Teklehaimanot da Kudus suka bi. Kusan ita ce ƙofar da yaron da ba shi da fasfo ɗin Turai yake da ita, kuma gadajenta ƙidayayyu ne. A wannan shekarar, a wani tseren matasa a Beljiyam, ya riga Remco Evenepoel, ɗan ƙasar, isa layi, a lokacin da Evenepoel ke cinye kusan duk abin da ya shiga. A Janairun 2019 ya ci zango a La Tropicale Amissa Bongo a Gabon, ya zama mutum na farko cikin waɗanda aka haifa daga 2000 zuwa sama da ya ci tseren ƙwararru. Ya ƙara da zango a Tour du Rwanda.

Da wani yaron Faransa ne ya yi wannan, da manyan ƙungiyoyi sun yi layi a ƙofar gidansu. Biniam ƙungiyar Delko ta Marseille ya samu, mai mataki na biyu, a 2020, shekarar da annobar korona ta rufe iyakoki. Kafin a rufe su ya zo na biyu a Trofeo Laigueglia a Italiya, bayan Giulio Ciccone. A tsakiyar 2021 aljihun Delko ya huje, aka sallame shi, ƙungiyar ma ba ta ga sabuwar shekara ba. Intermarché ta ɗauke shi a watan Agusta. Ita ma ba babbar giwa ba ce, tana cikin masu ƙaramin kasafi a rukunin farko. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka, a Leuven, ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23, bayan Filippo Baroncini na Italiya.

Akwai kuma maganar takarda, wadda ba ta fitowa a talabijin. Mai bizar ɗan gajeren zama a ƙasashen Turai na yankin Schengen kwana 90 yake da su cikin kowane 180. Kakar tsere kuwa daga Janairu take zuwa Oktoba. Ɗan Eritiriya, kafin ma ya nemi izinin shiga ƙasar wasu, sai ya sami izinin fita daga tasa. Mahayin Beljiyam yana gama tsere ya koma gida ya ci abincin dare da iyalinsa. Biniam, wanda ya yi aure da wuri kuma ya haifi 'yarsa ta fari a 2021, watanni yake yi bai gan su ba.

An sa sunansa ana saura kwana 2

Gent-Wevelgem tsere ne na wuni ɗaya, kusan kilomita 250, a filayen da aka gwabza Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 2022 daga Ypres aka tashi. Iska ce ke yanka ayarin gunduwa-gunduwa, sannan ga tudun Kemmelberg, wanda aka shimfiɗe da duwatsu masu santsi, ana hawansa sau 3. A jadawalin Biniam na 2022 babu wannan tsere. Ranar Juma'a, 25 ga Maris, ya zo na biyar a tseren E3, a kan irin waɗannan duwatsu da bai saba da su ba, shugabannin ƙungiya suka ce to, ya tsaya ya yi na Lahadi.

Bayan hawan Kemmelberg na ƙarshe mutum 4 suka ɓalle: Christophe Laporte, Jasper Stuyven, Dries Van Gestel da Biniam. Biyu 'yan Beljiyam ne a gida, ɗaya Bafaranshe ne daga Jumbo-Visma, ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a lokacin. Suka yi ta karɓa-karɓa fiye da kilomita 20, ayari na hura musu wuta a baya. A kilomita ta ƙarshe Biniam ya koma can ƙarshen layin, inda yake ganin kowa ba mai ganinsa, ya tashi tun saura mita 250. A ƙa'ida ya yi gaggawa. Laporte ya biyo shi yana cin tazarar kaɗan-kaɗan, layi ya riga shi zuwa. Saura kwana 6 Biniam ya cika shekara 22.

Mako guda bayan nan ake Tour of Flanders, tseren da ya fi kowanne daraja a Beljiyam, kowa ya ɗauka zai tsaya. Ya ce gida za shi, ya yi wata 3 bai ga matarsa da 'yarsa ba. Wasu masu sharhi a Turai abin ya ɗaure musu kai. Ni ban ga abin ɗaure kai ba. A Asmara aka zagaya da shi gari cikin buɗaɗɗiyar mota.

A watan Mayu ya shiga Giro. Zangon farko, a Hangari, Mathieu van der Poel ya riga shi. Ranar 17 ga wata, a zango na 10 mai ƙarewa a Jesi, ƙungiyar gaba ɗaya ta yi masa aiki, har Domenico Pozzovivo, ɗan tsurut mai shekara 39 wanda hawan dutse ne sana'arsa, ya zama zaginsa na ƙarshe. Suka yi kafaɗa da kafaɗa da van der Poel har ɗan Holand ɗin ya sare, ya zauna a sirdi, ya ɗaga masa babban yatsa tun ba su ƙetare layi ba. Mintuna kaɗan bayan haka, a kan dandamali, Biniam ya sunkuya zai buɗe ƙatuwar kwalbar ruwan inabi mai kumfa da ake ba wanda ya ci. Toshiyar ta fallo ta same shi a idon hagu. Daga dandamali sai asibiti, jini ya taru a cikin idon, washegari bai hau keke ba. Daga baya masu gasar suka riƙa cire toshiyar kafin su miƙa kwalbar.

Daga nan abubuwa suka yi sanyi. A 2023 ya faɗi a Tour of Flanders ranar zagayowar haihuwarsa, kansa ya bugu, ya yi makonni yana jinya. Ya ci zango a Tour de Suisse, ya shiga Tour de France karon farko, abin da ya fi samu shi ne na uku a Bordeaux. A Mayun 2024 ya koma Giro, ya faɗi sau 2 a rana ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar hanya a zango na 4, ya fita. Wannan ce amsar tambayar farko. A idon ƙungiyarsa Biniam mutumin ranakun tudu-tudu ne, ba na shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, kuma shekara 2 na faɗuwa da jinya sun rage masa kwarjini. Ba za a ce sun yi wauta ba. Abin da alƙaluma suka nuna musu ke nan, alƙaluman ne ba su cika ba.

Lissafin maki

Koriyar riga, wadda aka ƙirƙiro a 1953, ba ruwanta da lokaci. Maki ake tarawa. A tsarin 2024, a zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya na ɗaya yana samun 50, na biyu 30, na uku 20, a yi ta raguwa. A tsakiyar kowane zango kuma akwai wani layi da ke ba na farko 20, na biyu 17, na uku 15. Wanda ke son rigar ba ya da ranar hutu a zuciyarsa, ko a ranar duwatsu sai ya yi sukuwa a tsakiyar hanya don maki 10 ko 11. Sannan dole ya gama kowane zango cikin wa'adin da ake yankewa daga lokacin wanda ya ci. Ya makara, an kore shi, makinsa ya bi ruwa.

Bayan Turin ƙungiyar ta juya shirinta, zagage suka koma gaban Biniam, Mike Teunissen ya zama mai kai shi bakin layi. A zango na 5, ranar da Mark Cavendish ya ci zangonsa na 35 ya wuce tarihin Eddy Merckx, hankalin duniya na can, Biniam ya karɓi koriyar rigar ba tare da hayaniya ba. Bai sake cire ta ba.

Washegari a Dijon aka yi abin da, a ganina, ya fi kowace rana nauyi a lissafin. Dylan Groenewegen ya ci, Philipsen ya ƙetare layi na biyu, Biniam na uku. Alƙalai suka duba hoto suka ga Philipsen ya karkata ya matse Wout van Aert a jikin shinge, suka mayar da shi baya. Maki 30 suka zube masa, Biniam ya tashi daga 20 zuwa 30. Tazarar aƙalla 40 ke nan a zama ɗaya. A riƙe wannan adadi.

Ranar 6 ga Yuli, cikin ruwan sama, zango na 8 ya ƙare a Colombey-les-Deux-Églises, ƙauyen Janar de Gaulle, kan hanyar da ke ɗagawa a hankali har layi. Wurin kamar don Biniam aka yi shi. Philipsen ya fara tashi, Biniam ya bi shi ya wuce. Ranar 11 ga wata a Villeneuve-sur-Lot ya ƙara na uku, a gaban van Aert, wannan karon a sukuwar da ba tudu a cikinta, irin wadda aka ce ba tasa ba ce. Philipsen kuwa, wanda van der Poel da kansa, zakaran duniya, yake yi wa zagi, ya farfaɗo ya ci zango na 10 da na 13. Amma ko a ranakun nan Biniam yana nan kusa, na biyu a ɗaya, na huɗu a ɗayan, yana tsintar abin da ya samu a layukan tsakiya. Aka fito daga duwatsun Pyrenees yana gaba da maki 86.

Nîmes

Zango na 16, ranar 16 ga Yuli, shi ne damar ƙarshe ta 'yan sukuwa. Saura kamar kilomita 1 da rabi, a wajen wani shataletale, Biniam ya yi karo da wasu mahaya ya zube a kwalta. Akwai dokar da ke kare wanda ya faɗi a kilomitocin ƙarshe, a ba shi lokacin ayarin da yake ciki. Lokaci take karewa, ba ta mayar da maki. Philipsen ya ci, ya kwashe 50. Biniam ya tashi da gwiwa a ɗaye, aka yi masa ɗinki a gwiwar hannu, abokansa suka rako shi layi a hankali. Tazara ta dawo 32, ga duwatsun Alps a gaba.

Washegari ya fito da bandeji. A layin tsakiya ya riga Philipsen, ya ƙara maki 1 tak, amma saƙon ya isa. Abin da ya rage shi ne kada wa'adi ya cinye shi. A zango na 19 aka hau Cime de la Bonette, mita 2,802, inda manyan 'yan sukuwa ke numfashi kamar an shaƙe su. Wurin bai fi unguwar da Biniam ya tashi da mita 500 ba. Saboda wasannin Olamfik, a Nice aka rufe gasar maimakon Paris, ranar 21 ga Yuli. Tadej Pogačar ya ɗauki rawayar riga, ta wanda ya lashe gasar gaba ɗaya. A koriya, Biniam 387, Philipsen 354.

Tazarar 33 ce, hukuncin Dijon kuma aƙalla 40 ya motsa. Mai son rage wa Biniam daraja zai tsaya a nan. Amma kowannensu ya ci zango 3, kowannensu ya faɗi sau ɗaya a ranar maki 50, ɗaya a Turin ɗaya a Nîmes. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya riƙe layinsa mako 3, ɗayan ya kauce sau ɗaya a gaban alƙalai. Iya tafiya cikin cunkoso ba tare da laifi ba shi ne ainihin abin da aka ce mahayan Afirka ba su da shi, kuma Biniam ya shekara 6 yana biyan kuɗin koyonsa da fatar jikinsa.

Bayan an naɗe tutoci

Kuɗin ba su kai sunan ba. Zango ɗaya yuro 11,000 ne, koriyar riga 25,000, kuma al'ada ce a zuba a tukunya ɗaya a raba da zagage da makanikai da masu tausa. Ribar gaske tana cikin kwantiragi na gaba. Ga Intermarché kuwa, Turin ce nasararta ta farko a tarihin Tour.

Duk inda aka tsaya a gasar akwai 'yan Eritiriya da tutoci da kiɗa, suna kiran Bini, Bini. Da yawa daga cikinsu mutanen da suka bar ƙasar ne, wasu don gudun bautar ƙasar da ba ta da ranar ƙarewa, a ƙarƙashin gwamnatin Isaias Afwerki da ke mulki tun samun 'yanci. Gwamnatin tana alfahari da shi, waɗanda suka guje mata ma suna alfahari da shi. Shi dai ba ya sa baki a siyasa, kuma wanda iyalinsa ke Asmara ba sai an tambaye shi dalili ba.

A cikin mahaya 176 na wannan shekara, shi kaɗai ne baƙar fata. Makonni kaɗan bayan Nice, a Olamfik ta Paris, Ese Ukpeseraye ta Najeriya sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Keken tsere na ƙwararru ya haura yuro 10,000, kuma ba shi ne mafi tsada a harkar ba. Mafi tsada shi ne shekarun da yaro zai yi yana tsere a Turai tun yana 16 ko 17, da masauki, da biza, da ƙungiyar da za ta yi haƙuri da faɗuwarsa. Manyan nasarorin Biniam guda 2, Wevelgem da Turin, duk a ranakun da ba don shi aka tsara ba suka zo. Wannan yabo ne gare shi. Ga masu farautar hazaƙa kuwa abin kunya ne, don ba wanda zai iya ƙirga nawa ne irinsa da ba a taɓa sa sunansu ko da ana saura kwana 2 ba.

A 2025 ya zo na biyu a zangon farko na Tour a Lille, bayan Philipsen, bai ci zango ba, Jonathan Milan na Italiya ya tafi da rigar. A watan Satumba aka kawo gasar duniya Afirka karon farko, a Kigali, garin da ya kwashe zinarensa na matasa. Hanyar da aka zana kilomita 267 ce, da hawan da jimillarsa ta haura mita 5,000, wato an yi ta ne don masu hawan dutse. Tun kafin ranar Biniam ya faɗa a fili cewa ba irin tasa ba ce. Ya shiga duk da haka, ya sauka kafin ƙarshe, kamar yadda mafi yawan ayarin suka yi. Pogačar ya ci, Evenepoel, yaron da Biniam ya riga isa layi a 2018, ya zo na biyu. Mutum 30 kacal suka gama. Na 30 ɗin shi ne Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya, ɗan Afirka ɗaya tilo da ya ƙetare layin.